Kubura da Aljani Mai Riga Biyu

A garin Ningi, a wannan zamani namu da kowa ke yawo da waya a hannu, an yi wani mai zuma ana ce da shi Malam Jatau. Amyoyinsa na rataye a kan itatuwan ɗorawa can bayan duwatsu. 'Ya'yansa biyu ne. Babbar ita ce Kubura, ita ke tace zumar, ta ɗura a kwalabe, ta zauna a shago. Ƙanenta Sadau shi ya karanci kwamfuta, shi ya buɗe wa shagon shafi a intanet domin mutanen nesa su san da su.

To, shafi dai ya buɗu, amma ba mai leƙowa. In mutum ya rubuta "zuma" a injin bincike, sai shafukan wasu su jeru a sama, nasu kuwa yana can ƙurya, inda sai mutum ya gaji da gangarawa bai isa ba. Abin ya dami Sadau har ya fara ramewa.

Rannan da hantsi, Kubura na ɗakin baya tana tata, sai wani tsoho ya shigo shagon ba sallama. Rigarsa fara fat ta gaba, baƙa wuluk ta baya. Ya dubi Sadau ya ce, "Samari, ni ne Riga-Biyu, mai ɗora na ƙasa a bisa na sama. Ba ni kalmar sirrin shafinka. Gobe war haka ba wanda zai nemi wani abu a duniya bai faɗo kanku ba."

Kafin Kubura ta wanke hannu ta fito, Sadau ya riga ya raɗa masa. Bayan tsohon kawai ta gani yana fita.

Washegari waya ta kama ruri ba ƙaƙƙautawa. Sadau har da rawa a tsakar shago. "Yaya, mun hau! Mu ne a sama!"

Kubura ta ce, "Mun hau ina? Matar da ta kira yanzu atamfa take nema. Na gabanta tayar babur. Wani ma sakamakon ƙwallo ya zo dubawa, ya zage ni tas."

"In sun zo neman atamfa sun ga zuma, ai sai su saya."

Ba wanda ya saya. Ana nan, wata safiya Sadau na zaune yana duba waya, sai ya ƙwalla ƙara, "Yaya, shafin ya ɓace!" Ta waiwayo. Kujera na nan, takalmansa na nan, wayar na ƙasa, shi kuwa babu shi. Ta fita da gudu tana tambayar masu wucewa, kowa sai ya ce, "Wane Sadau?" Babansu kuwa yana daji. Ta dawo ta ɗauki wayar, ta rubuta sunan Sadau, aka ce ba a sami komai ba. Sai ta ji wata 'yar murya can nesa, kamar daga cikin rijiya: "Yaya!" Wani siririn zare ya ɓullo daga fuskar wayar yana sheƙi. Kubura ta ɗaure gyalenta a ƙugu, ta yi bismillah, ta naɗe zaren a yatsa ta ja. Shi kuwa ya fizge ta, wuf!

Ta faɗa kan wani zare mai faɗin titi. Ƙasa babu ƙasa, sama babu sama, sai zaruruwa iya ganinta suna walƙiya, an saƙa su cikin juna. A kan kowane ƙulli akwai gida a rataye, wani kamar dutse, wani bai fi akurki ba. Tsuntsaye kala-kala na ta shawagi kamar fara, kowanne yana maimaita wata tambaya a bakinsa.

Zaren ya girgiza. Ta ɗaga kai, sai ga wata gizo-gizo mai girman rumbu ta tsaya a kanta, idanunta kamar madubai.

Gizo-gizon ta ce, "Ya ke 'yar Adam, me ya shigo da ke Birnin Yana da ƙafarki?"

Kubura ta durƙusa. "Ranki ya daɗe, ƙanena nake nema. Mu ne masu gidan zumar Ningi."

"Gidan zumar Ningi!" Idanun suka yi ja. "Ni ce Rarrafau, 'yar sintirin fada. Aikina in bi kowane zare, in leƙa kowane gida, in kai wa Sarauniyar Jeri labarin abin da na gani. Tsuntsayen nan tambayoyin mutanenku ne, ita ke nuna wa kowanne gidan da zai sauka. Ni na shaidi gidanku, na ce akwai komai a cikinsa. Aka yi ta tura muku tsuntsaye, suna komowa fada suna kuka, ba su sami abin da suka je nema ba. Sarauniya ta sa aka tsinke zarenku, gidan ya faɗa Kwarin Mantuwa da mai shi a ciki. Ni kuma aka kunyata ni a gaban 'yan'uwana, har yau ban san ta yadda aka ruɗe ni ba."

Kubura ta ce, "Ki kai ni fada. Idona na ganin abin da naki ba ya gani. Ki ara mini ƙafafu, in ara miki ido."

Rarrafau ta sunkuya. "Hau. Amma ki sani, zaren da kika biyo na Riga-Biyu ne, ta cikin ƙasarsa ya ratsa."

Kubura ta ɗare bayanta ta riƙe gashin wuyanta. Suka zura a guje, iska na kaɗa mata kunne, gidaje na wucewa fit-fit.

Ba su yi nisa ba sai wata hayaniya ta tare su kamar ana rushe gari. Rarrafau ta ce, "Kasuwar Maimaici ke nan. Kome za a yi miki, kada ki faɗi kalma ɗaya sau biyu."

Rumfuna ne jere, ba ko tsinke a cikinsu. A kowace rumfa wani ƙaton kwaɗo na tsaye da kumburarren wuya yana ihu: "Zuma! Zuma mai kyau! Zuma mai araha! Zuma Kano, zuma Jos, zuma zuma zuma!" Ƙarar na bugun tsuntsaye a sama, su faɗo a sume, a kwashe a zuba a kwanduna.

Sarkin kwaɗin ya yi tsalle ya tare hanya. "Baƙuwa, me kike nema? Faɗi mu ji!"

Kubura ta manta. Ta ce, "Ƙanena nake nema, ƙanena..." Nan take harshenta ya kufce mata. "Ƙanena, ƙanena, ƙanena!" Ta kasa tsayawa. Ta taɓa wuyanta ta ji yana kumbura, fatar hannunta ta soma yin kore. Kwaɗi suka kewaye ta suna shewa, har an fara share mata rumfa.

Ta cije harshen har ta ji gishirin jini. Ta runtse ido ta hango fuskar ƙanenta, ta tattaro ƙarfinta ta ce, "Sadau ɗan Jatau! Dogo ne, yana da tabo a goshi tun ranar da jakin maƙwabta ya kayar da shi. Ba ya shan miyar kuka. In yana dariya sai ya riƙe ciki ya zauna a ƙasa!"

Ashe magana mai ma'ana dafi ce a kasuwar nan. Kowace sabuwar kalma da ta fito, sai wani kwaɗo ya sace kamar an huda balan-balan. Sarkinsu ya ƙanƙance ya koma kamar ɗan yatsa. Wuyan Kubura ya koma daidai. Ta dira ta yi ta harbin kwanduna da ƙafa, tsuntsaye suka tashi buu, har suka rufe kasuwar da inuwa. Ta koma bayan Rarrafau tana haki tana dariya. "Mu je!"

Daga nan suka shiga wasu ƙauyuka masu ban tsoro. Mutane cike da hanya, kowa da hula, kowa ya miƙa hannu yana nuni. Wannan na nuna wancan, wancan na nuna na gaba, dukansu suna cewa, "Can ne! Can ne gidan da ya fi!"

Rarrafau ta ce, "Kin ga shaidu. Duk waɗannan sun nuna gidanku a lokacin. Gidan da jama'a suka nuna, ai na ƙwarai ne."

Kubura ta miƙa hannu ta fizge hular guda. Kan ya biyo hular. Kara ne da tsumma. Ta dubi ƙafafunsu, duk a kafe suke a ƙasa, layi-layi. "Ranki ya daɗe, waɗannan ba mutane ba ne. Shuka su aka yi kamar dawa."

Rarrafau ta yi wata ƙara don takaici, ta bi ta kansu tana tattakewa, kara na ƙaras-ƙaras, har suka iso bakin wani rami wanda ba a hango ƙarshensa. An shimfiɗa igiyoyi a kansa, manya-manya, masu ruwan zinariya. Rarrafau ta zaɓi wadda ta fi kauri ta hau. Suna kaiwa tsakiya sai igiyar ta yi laushi, ta ruɓushe ta zama toka. Suka sulmiya ƙasa.

Kubura na ihu tana wawurar iska, sai hannunta ya kamo wani zare siriri kamar gashin kai. Ta riƙe gam. Da ɗayan hannun ta cafko ƙafar Rarrafau. Ta sadaƙar zai tsinke, amma ko gezau. Suna ta lilo a kan ramin, sai ta ji murya na fitowa daga cikin zaren, muryar wata dattijuwa: "Na sayi zuma wurin wani Malam Jatau a Ningi na zuba a fura. Duk mai zuwa can ya nemi shagonsa."

Kubura ta gane ta. Hajiya Ladidi ce, wata mai koyar da girki daga Bauchi, wadda ta taɓa tsayawa a shagonsu bara. Ba wanda ya roƙe ta, ita ta rubuta a shafinta don kanta.

Rarrafau ta ce, "Waccan igiyar, ganin kaurinta ya sa na amince. Ashe Riga-Biyu saye ya yi ya shafa mata ruwan zinariya. Wannan kuwa mutum ne ya kaɗa shi da zuciya ɗaya. Riƙe da kyau, 'yar Adam!" Ta lanƙwasa ta kama zaren, ta haura da su har tsallaken ramin. Suka fito buɗu-buɗu da toka.

A tsallaken ne gidan Riga-Biyu yake, katangarsa fara sol. Rarrafau ta tsaya a ƙofa ta leƙa. "Wannan gida ba laifi. Ga lambu, ga tuluna cike da zuma, kowanne da sunansa."

Kubura ta sauka ta matsa gefe guda ta leƙa. Ba lambu ba tuluna. Wani baƙin rami ne cike da keji, tsuntsaye a ciki sun yi jugum. Ta lura da wasu 'yan ƙananan hannuwa a saman ƙofar. Da sun ji takun gizo-gizo sai su saki wani labule mai zanen lambu, da sun ji motsin fiffike sai su naɗe shi. Ta yi tsalle ta kamo labulen ta yage shi, kyaaat! Rarrafau ta ja da baya, idanunta duka a buɗe.

Kubura ta dafa katanga don ta huta, sai ta ji gurje-gurje a ƙarƙashin tafinta. Ta kakkaɓo tokar jikinta ta shafa. Sai ga rubutu ya fito, fari ne aka yi a kan fari: atamfa, taya, ƙwallo, aikin yi, kujerar Makka, har da sunayen garuruwan da ba ta taɓa ji ba.

Rarrafau ta ce, "Ni da ƙafa nake karatu, na shafa na ji su, na ɗauka akwai su a ciki. Mutum kuwa ya duba bai ga komai ba. Haka aka yi wa gidanku."

Sai suka ji tafi. Riga-Biyu ya fito daga cikin katangar, farin gabansa na ɗaukar ido, yana murmushi.

Ya ce, "Madalla da 'yar Jatau. Kin sha wuya, bari in sauƙaƙa miki. Fada nesa ce, Sarauniya kuma ba ta san tausayi ba. Ƙanenki yana narkewa a kwari, ko kin isa ba lalle ki same shi ba. Ga igiya." Ya miƙo mata wata ruɓaɓɓiya. "Akwai wani mai zuma a Toro, gidansa na can sama da naku. Ki ɗaura masa wannan a ƙofa. Fada za ta ɗauka shi ma maguɗi yake yi, a jefa shi kwari. Yana faɗawa, ni kuma in fito miki da naki, in ɗora ku a gurbinsa."

Ya buɗe tafin hannunsa, sai ga muryar Sadau a ciki, ta yi rauni ƙwarai: "Yaya, sanyi nake ji."

Hawaye ya zubo wa Kubura. Hannunta ya miƙe da kansa har ya kusa taɓa igiyar. Sai ta tuna yadda ta fita tana tambayar mutane suna ce mata wane Sadau. Mutumin Toro ma yana da mai fita nemansa. Ta janye hannun ta ɓoye a bayanta.

Ta ce, "Ya kai tsohon banza, ƙanena zan fito da shi, amma ba da ɗan wani ba. Riƙe igiyarka."

Murmushin ya ɗauke. Riga-Biyu ya juya mata baya, ashe akwai wata fuskar a ƙeyarsa, baƙa, mai haƙora kamar lauje. Ya yi tsawa, gidan ya girgiza. Rarrafau ta suri yagaggen labulen, ta suri Kubura, ta bankaɗe ƙofofin keji da ƙafar baya, ta zura. Ya biyo su yana tsinke zaruruwa da haƙora, tas, tas, tas! Duk wanda suka taka sai ya faɗi a bayansu. Suka iso inda hanya ta ƙare, hasumiyar fada na can tsallake. Kubura ta ce, "Yi tsalle!" Rarrafau ta harba sabon zare daga cikinta, ya maƙale a hasumiyar, suka yi lilo ta cikin sarari, tsuntsayen da suka kuɓuta na rufa musu baya suna tsattsagar fuskar aljanin. Suka dira a farfajiyar fada, tim!

Sarauniyar Jeri na zaune a tsakiyar wani haske, ba a ganin fuskarta. Hannuwanta sun fi rassan kuka yawa, kowanne riƙe da ma'auni, tana auna gidaje tana nuna wa tsuntsaye hanya, ba ta tsayawa ko na ƙiftawar ido. Rarrafau ta shimfiɗa labulen a gabanta, ta zayyana duk abin da suka gani. Nan da nan aka tura dakaru su ƙone labulaye, su tumɓuke mutanen kara.

Sarauniya ta ce, "Gobe Riga-Biyu zai ɗinka wani labulen. Tun da aka kafa birnin nan muke wannan da shi. Ke kuma, 'yar Adam, faɗi buƙatarki."

Kubura ta faɗi ta yi gaisuwa. "Allah ya ja zamaninki, a yafe wa ƙanena. Zumarmu ta gaskiya ce."

"Ban ce ta ƙarya ce ba. Gidanku ne ya yi ƙarya. Ni ba ƙanenki nake yi wa aiki ba, ba kuma mai zumar Toro ba. Wanda ya aiko tsuntsu, shi ne ubangidana. Ki sauka kwari. Ku kankare duk abin da aka ɓoye da hannunku, ku rubuta abin da ke cikin gidan a inda kowa zai gani. In tsuntsu ɗaya ya sauka da kansa ya sami abin da ya zo nema, kun fita. Amma in kuka kira shi, ko da fito ne, kun zauna ke nan."

Rarrafau ta zura ta da zare har ƙasan Kwarin Mantuwa. Wuri ne mai hazo da sanyi, gidaje birjik a kife, masu su na zaune a ƙofa sun dusashe kamar hayaƙi. Kubura ta yi ta ratsawa tana kira, har ta hango wani ɗan gida a karkace, an naɗe shi da ruɓaɓɓun igiyoyi. Sadau na zaune a bakin ƙofa, ana hango bango ta cikin ƙirjinsa.

"Yaya? Ke ce?"

Ta rungume shi, kamar ta rungumi tururi. Ta goge ido ta ce, "Tashi, ba lokacin kuka. Aiki ne a gabanmu."

Da ta faɗa masa sharaɗin, sai idonsa ya yi haske. "Wannan aikin ai na iya shi, Yaya. Jiransa ne ya gagare ni."

Suka duƙufa. Kubura na kankare farin rubutu da kan kwalba, Sadau na tsinke igiyoyi yana jifa da su. Suka ɓalle labule suka yayyaga. Kowane abu suka cire, sai gidan ya ɗan miƙe, jikin Sadau ya ƙara kauri. Shi ya nuna mata sauran. Ya fitar da tarkacen da ya danne ƙofa don ta riƙa buɗewa da wuri. Ya raba ɗakuna, wannan na zuma, wannan na kakin zuma, wannan na kwatancen shago, ya liƙa wa kowanne sunansa, ya share hanya daga wannan zuwa wancan.

Saura allon ƙofa. Sadau ya ɗauki gawayi ya rubuta, "Zumar da ta fi ta kowa a duniya." Haruffan suka narke suka gangaro kamar ruwa, suka ɗiga masa a ƙafa. Suka dubi juna suka fashe da dariya, shi har da riƙe ciki.

Kubura ta ce, "Rubuta yadda take."

Ya rubuta: "Zumar Malam Jatau, Ningi. Ta furen ɗorawa ce, baƙa ce, mai kauri, da ɗan ɗaci-ɗaci a ƙarshen harshe. Ba a haɗa ta da komai ba. Da damina takan yi ƙaranci." Haruffan suka zauna daram.

Rarrafau ta sauko ta shafe gidan ciki da waje da ƙafafunta, ta sa Kubura ta faɗa mata abin da ido ke gani, suka ga duk ɗaya ne. Ta ɗaura masa sabon zare ta haura kai labari. Su kuwa suka zauna jira.

Jiran ya fi aikin wuya. Tsuntsaye na wucewa can sama, ba mai waiwayowa. Ƙafafun Kubura suka fara dusashewa. Ta rufe su da zane don kada Sadau ya gani.

Can sai ga wani ɗan tsuntsu ruwan ƙasa ya ratso hazo a gajiye, yana cewa, "Ina zan sami baƙar zuma ta ɗorawa kusa da Ningi? Ina zan sami baƙar zuma?"

Kwatsam sai ga Riga-Biyu a kan wani kifaffen gida, fuskarsa duk tsaga, yana watsa hatsin zinariya yana fito. "Nan, nan! Zuma fara, zuma baƙa, zuma kyauta!" Tsuntsun ya karkata wajensa. Sadau ya zabura ya buɗe baki, Kubura ta toshe masa da tafin hannu, ta danne shi da iya ƙarfinta.

Tsuntsun ya sauka ƙasa-ƙasa, ya ɗauki ƙwayar hatsi ɗaya, ya tofar. Ya tashi ya kewaya. Ya zo daidai allonsu ya tsaya a iska yana kaɗa fiffike, yana karkata kai kamar mai karatu. Sai ya sauka a kan allon, ya yi shiru. Tambayar ta bar bakinsa.

Zaren ya ɗaure, gidan ya yi sama kamar an harba kibiya. Hazo ya tsage, suka wuce Rarrafau tana ɗaga musu ƙafa, suka wuce hasumiya, haske ya rufe musu ido.

Suka faɗo tsakar shago, kwalabe na ƙara a kan tebur. Ana kiran la'asar. Kubura ta mintsini hannun Sadau da ƙarfi, ya ce, "Wayyo, Yaya!" Ta ce, "Alhamdu lillahi, nama ne."

Ba su gama kakkaɓe jiki ba sai ga babur ya tsaya a ƙofa. Wani magidanci ya sauko ya yi sallama, waya a hannu, gumi na zuba.

Ya ce, "Nan ne wurin Malam Jatau? Daga Burra nake. Maiɗakina ce ke da juna biyu, ta kafe ita sai baƙar zuma irin wadda kakarta ke ba ta tana yarinya. Na kai mata fara ta ƙi ko kallo. Na ga kun rubuta taku da ɗan ɗaci-ɗaci, na ce to, ita ce."

Kubura ta ɗebo masa a cokali. Ya lasa, ya lumshe ido, ya ce, "Yau zan shiga gida da ƙafar dama." Ya ɗaure kwalbarsa a bayan babur ya tafi yana ta godiya.

Sadau ya duba waya. Shafin ya dawo. Ba shi ne a sama ba, mai zumar Toro na gabansu, amma mutum ba sai ya gangara da nisa ba zai gan su. Ya daɗe yana kallo, sannan ya kife wayar a kan tebur.

Gab da magariba Malam Jatau ya dawo daga daji, jikinsa na warin hayaƙi. Ya ce, "Yaya kasuwa yau?"

Suka dubi juna. Kubura ta ce, "Lafiya lau, Baba. An yi ciniki."

Sadau ya ce, "Baba, gobe zan bi ka daji. Hoton amyoyinmu nake so in ɗauko in sa a shafi, namu na gaske, da kai a ƙarƙashin ɗorawa."

Tsohon ya dube shi sama da ƙasa. "Kai da ko ƙuda ba ka so? Ka sani ƙudan zuma ba su san mai kwamfuta ba."

Ya kuwa bi shi. Ya dawo da hotuna masu kyau, da ido ɗaya a kumbure kamar ƙwan agwagwa, Kubura na shafa masa man kaɗanya tana dariya har da hawaye. Iyakar abin da ya iso kunnenmu ke nan na labarin 'ya'yan Malam Jatau.